Daga Bini-da-zugu Zuwa Ragowar Man Suya: Tarihin Neman Sabon Man Jirgin Sama

A wannan makon za mu bi sawun yunƙurin da duniya ke yi na samar wa jirgin sama man da ba daga rijiyar fetur ya fito ba.

Tun 1952, lokacin da jirgin Comet na Ingila ya buɗe zamanin jiragen jet na fasinja da tafiya daga Landan zuwa Johannesburg, kananzir ne abincin waɗannan jirage. A yau sufurin sama ke fitar da kusan kashi 2.5 cikin 100 na iskar kabon da ke ɗumama duniya. Mota tana iya komawa batir, amma jirgin da zai ƙetare teku ba zai iya tashi da nauyin batirin da zai kai shi ba. Shi ya sa aka juya ga tsirrai. Hujjar ita ce tsiro yana zuƙar kabon daga iska sa'ad da yake girma, saboda haka in an ƙona mansa, abin da ya ɗauka ne ya mayar.

A Fabrairun 2008 kamfanin Virgin Atlantic ya yi gwajin farko da jirgin Boeing 747 daga Landan zuwa Amsterdam, inda aka gauraya man kwakwa da na wani kwakwan Brazil a cikin inji ɗaya daga cikin huɗu. A Disambar wannan shekarar Air New Zealand ya gwada man bini-da-zugu, wannan dai da muke shinge da shi a karkara. Nan take aka yi ta yayata cewa zai yi albarka ko a ƙasar da ta gaji. Kamfanoni suka karɓi manyan filaye a Afirka da Asiya, Indiya ma ta ɗora buri a kansa. Ba a jima ba aka gane cewa tsiron yana rayuwa a fako, amma ba ya ba da 'ya'ya masu yawa sai ya samu ruwa da ƙasa mai kyau, wato irin gonar da ake noman abinci. Yawancin ayyukan suka durƙushe.

Daga nan hankali ya koma kan ragowar man suya da kitsen dabbobi. A 2011 aka amince a gauraya irin wannan mai da kananzir har rabi da rabi, kuma a wannan shekarar KLM ya ɗauki fasinja da shi daga Amsterdam zuwa Paris. Ranar 28 ga Nuwamban 2023 Virgin Atlantic ya ƙetare Tekun Atlantika daga Landan zuwa New York ba tare da kananzir na rijiya ba. Tarayyar Turai kuwa ta kafa doka: kashi 2 cikin 100 daga 2025, kashi 6 a 2030, kashi 70 a 2050.

Sai dai tafiyar ta hawainiya ce. Ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, IATA, ta ce a 2024 wannan mai bai wuce kashi 0.3 cikin 100 na man jirgin da aka samar ba. Tsadarsa ta ninka ta kananzir, ragowar man suya kuma yana da iyaka. In buƙata ta tura masu sana'ar ga manja, dazuzzukan Indonesiya da Malesiya ne za su biya, an yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Akwai darasi a nan gare mu masu riƙe alƙalami. A Agustan 2024 hukumar kula da tallace-tallace ta Birtaniya ta haramta tallan rediyon da Virgin Atlantic ya yi wa waccan tafiya, domin kiran man "mai ɗorewa ɗari bisa ɗari" yana iya sa mai sauraro ya zaci ba ya illa ko kaɗan. Duk lokacin da za mu rubuta cewa wani mai tsaftatacce ne, mu fara tambaya: daga wane tsiro, a gonar wa, kuma me aka daina nomawa a wurin?

Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.