Hasumiyar Fire Island da Masu Yi Mata Hidima

Duk shekara idan ranar 25 ga Mayu ta zagayo, haƙƙi ne a kan wanda ya san girman amana ya tuna da mutanen da suka ceci hasumiyar fitila ta tsibirin Fire Island, a gaɓar tekun jihar New York ta Amurka, domin a wannan rana ce, cikin 1986, aka sake kunna fitilarta bayan ta yi shekara goma sha biyu a kashe.

A 1858 hasumiyar ta fara haskaka wa jiragen ruwa hanya, tsawonta ƙafa 168, kuma a da sau da yawa ita ce farkon abin da masu hijira daga Turai suke hangowa bayan wahalar teku. A ƙarshen 1973 hukuma ta mai da hasken kan wani tankin ruwa da ke kusa, abin da sauyin zamani ya kawo, sai ginin ya soma lalacewa har aka shiga zancen rushe shi.

A nan ne Allah ya kawo Thomas Roberts, wanda ya haɗa kai da jama'ar yankin a 1982 suka kafa ƙungiyar kiyaye hasumiyar. Kuma ko da yake ba su da mulki, ba su da baitulmali, sai himma da ihlasi da haƙurin bin mutane ɗaya bayan ɗaya, ba su gushe ba suna neman gudummawa har suka tara fiye da dala miliyan ɗaya, suka gyara ginin tun daga tushe har ƙololuwa. Waɗannan shekaru huɗu, a ganina, su ne kambin tarihin ƙungiyar.

Daga 1996 aka danƙa wa ƙungiyar gudanar da hasumiyar da tsohon gidan masu tsaronta, wanda ya zama wurin karɓar baƙi. A nan 'yan sa-kai, da yawansu dattawa masu ritaya, suke tarbar maziyarta, suna karantar da 'yan makaranta, suna ƙarfafa gwiwar mai hawa matakala 182, alhali ba su karɓar ko sisi. A 2011 aka baje kolin tsohon gilashin fitilar, bayan an dawo da shi daga Filadelfiya.

Gini a bakin teku ba ya rabuwa da gyara, kuma dattawan nan suna buƙatar magada. Duk mai zaune kusa, musamman matasa, ya taimaka da ko da yini guda a wata.