Daga Ziyara zuwa Zama: Tarihin Shirin Kafa Sansani a Duniyar Wata

Tunanin kafa wa ɗan'adam matsuguni a duniyar wata ya girmi saukar farko da aka yi a can da aƙalla shekara goma, domin tun a 1959 rundunar sojan ƙasa ta Amurka ta kammala wani nazari mai suna Horizon, wanda ya tanadi a binne manyan tankunan ƙarfe a ƙarƙashin ƙasar wata, a zaunar da soja 12 a cikinsu kafin ƙarshen 1966. Sojan sama ma ba su yarda a bar su a baya ba, suka fito da nasu shirin mai suna Lunex a 1961, wanda zai ɗauki mutum 21. Duka biyun a takarda suka ƙare, saboda an riga an danƙa ragamar binciken sararin samaniya ga hukumar farar hula ta NASA tun 1958, daga baya kuma yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ta 1967 ta haramta sansanin soja a wata, ta hana kowace ƙasa da'awar mallakar ko da taku ɗaya a can.

Abin da ya fi yi wa wannan buri ƙafar ungulu, ko da yake ba kasafai ake faɗa ba, shi ne nasarar shirin Apollo kanta. Da Shugaba Kennedy ya ɗibar wa ƙasarsa wa'adi ran 25 ga Mayu, 1961, cewa a kai mutum wata a dawo da shi lafiya kafin shekarun 1960 su ƙare, sai gaggawa ta zama ma'aunin komai. A 1962 NASA ta rungumi dabarar da injiniya John Houbolt ya daɗe yana naci a kanta, wato a bar uwar kumbo tana kewaya wata, a sauka da ɗan ƙaramin kumbo mai ɗaukar mutum biyu, wanda zai tashi ya koma ya haɗu da ita. Dabarar ta rage nauyi da lokaci, amma kumbon da ta haifar guzurin kwanaki kaɗan kawai yake iya ɗauka, balle kayan gini. Shi ya sa 'yan sama jannati 12 da suka taka wata tsakanin 1969 da 1972 baƙi ne dukkansu, waɗanda suka fi daɗewa ma, 'yan Apollo 17, kwana uku kacal suka yi.

Kwanakin nan uku sun isa nuna babban abokin gabar mai niyyar zama, wato ƙura. Da yake babu iska ko ruwan da za su goge kaifinta, ƙurar wata tana cin tufafin 'yan sama jannati, tana cushe mahaɗar kayan aiki. Lokacin da marfin tayar motar da 'yan Apollo 17 suke yawo da ita a kan wata ya ɓalle, ƙura ta riƙa yi musu feshi har sai da Eugene Cernan ya liƙa taswirori huɗu da salatif ya ɗaura a gurbinsa, shi kuwa Harrison Schmitt atishawa da toshewar hanci suka kama shi bayan ya shaƙe ta a cikin kumbo. Ga kuma daren wata, mai tsawon kwana 14 na duniya, wanda na'urar hasken rana ba ta da amfani a cikinsa.

Tarayyar Sobiyat ta zana nata sansanin, Zvezda, a ƙarƙashin Vladimir Barmin, amma rokar N1 da aka dogara da ita ta gaza sau huɗu tsakanin 1969 da 1972. A Amurka kuwa kuɗi ne ya riƙa kashe magana: yunƙurin da Shugaba Bush babba ya shelanta a 1989 ya mutu da aka ƙiyasta masa kusan dala biliyan 500, shirin Constellation na zamanin ɗansa kuma aka soke shi a 2010.

Ruwa ne ya canza lissafin, domin mai kafa gari, ba kamar bafataken da ya yada zango ba, sai ya tabbatar da rijiya kafin ya aza tubali. Kumbon Lunar Prospector a 1998 ya ga alamun sinadarin haidurojin a ƙuryoyin wata, Chandrayaan-1 na Indiya ya ƙara hujja, sannan ran 9 ga Oktoba, 2009, aka maka wani ɓangaren roka da gangan cikin ramin Cabeus, kumbon LCROSS ya ratsa ƙurar da ta tashi ya gano ruwa a cikinta. Gindin irin waɗannan ramuka na ƙuryar kudu bai taɓa ganin rana ba, don haka ƙanƙara take kwance a ciki, alhali wasu tuddan da ke bakin ramin Shackleton suna samun haske a mafi yawan shekara. Ƙanƙarar kuwa ba ta sha ba ce kaɗai, ana iya raba ta da lantarki a sami oksijin na numfashi da haidurojin na man roka, abin da zai sauƙaƙa jigilar da ta durƙusar da shirye-shiryen baya.

A kan wannan ƙurya ne idanun manyan ƙasashe suke yanzu. Amurka ta harba kumbon Artemis I zuwa wata ba tare da mutane ba a Nuwamban 2022, Sin da Rasha kuma sun ƙulla yarjejeniyar gina tashar bincike ta wata tun a Maris na 2021. Najeriya, wadda a Kano aka taɓa kafa tashar bibiyar kumbunan Mercury na Amurka a farkon shekarun 1960, ta sa hannu a yarjejeniyar Artemis, wadda Amurka ke jagoranta, tare da Ruwanda a Disamban 2022. Wannan yarjejeniya ta ce haƙo albarkatun wata ba mallakar ƙasa ba ne, amma Sin da Rasha ba sa cikinta, ga shi kuma wuraren da haske da ƙanƙara suke maƙwabtaka ba su da yawa, don haka duk wanda ya riga kafa sansani a kansu zai riƙe abin da dokar 1967 ba ta fayyace hukuncinsa ba.