Tarihi da Al'ada a Ajin Koyon Likitanci: Hujja Daga Iyakar Illela

Majinyacin da ya taso daga Darna Sabon Gari, a ƙasar Illela, da wuya asibiti ya zama zangonsa na farko. Kafin nan ya sha jiƙon sabara, malam ya ba shi rubutu, wanzami ya yi masa ƙaho, mai kemis ya ƙirga masa ƙwayoyi a leda. In jiki ya ƙi, sai dangi su zauna: a nufi Sakkwato, ko a tsallaka Ƙonni ta Nijar a kama hanyar asibitin mishan na Galmi, wanda ke aiki tun 1950? Farashin sefa na da ta cewa a zaman, haka ma iyaka, wadda aka rufe daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, aka sake rufewa bayan juyin mulkin Nijar na 2023.

Likitan da bai san wannan zagaye ba, rabin labarin cutar ya ji. Shi ya sa nake ganin ya dace tarihi da nazarin al'umma su zama darasin dole, mai jarrabawa, ga ɗaliban likitanci a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo.

Kayan koyarwar kuwa suna gida. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi mulki daga 1817 zuwa 1837, ya yi rubuce-rubuce da Larabci a kan basur da ciwon ido, kuma shi ne ya nemi Bature matafiyi Clapperton, a 1824, da a turo masa likita daga Ingila. Binciken da masana Murray Last da Lewis Wall suka yi a kan magungunan Hausawa a ƙasar Malumfashi ana karanta shi a jami'o'in Turai da Amurka. Ɗalibanmu sun fi kowa cancantar saninsa.

Za a ce manhaja ta cika, kuma wannan ɗaure wa camfi gindi ne. Cikar manhaja gaskiya ce. Zargi na biyu bai tsaya ba: likitan da ya san dalilin da ke sa uwa ta kai jariri a cire masa beli ya fi iya hana ta. A 2003, da Kano ta dakatar da rigakafin shan inna, jami'ai sun yi ta kukan jahilci, alhali iyaye ba su manta da gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi wa yara masu sanƙarau a 1996 ba. Sai a Yulin 2004 aka dawo da rigakafin, bayan cutar ta ƙetara zuwa ƙasashen da suka riga suka rabu da ita.