Gwado da Lifidi: Gadon Allura a Ƙofar Wambai

Masaƙar maza a ƙasar Hausa ba ta fitar da bargo. Ƙwarya take fitarwa, doguwa siririya, wani lokaci faɗinta bai wuce yatsu huɗu ba. Sai an yayyanka ta, an jera, an ɗinke gefe da gefe, sannan a sami gwado ko luru. Mu da muka tashi a gidajen ɗinki na Ƙofar Wambai, cikin birnin Bauchi, wannan haɗin ne gadonmu, kuma shi ne ba a cika ambata ba idan ana yabon masaƙa da marina.

Kafin ƙwarya ta iso gare mu ta bi hannaye da yawa, akasarinsu na mata. Su ke gurzar auduga, su shiɓe ta, su kaɗa da mazari: arafiya mai ƙarfi don zaren tsaye, abawa mai kauri don cikawa. Marina su tsoma wani zaren a baba, masaƙi ya yi wadari, ya zauna da ƙoshiyarsa yana ƙirga layi. Ƙirgar nan ce za ta nuna kanta ranar haɗi. Idan ya sa baƙi bayan fari a tazara ɗaya, mai haɗi yana da zaɓi: ya daidaita ƙwarya da ƙwarya layin ya ratsa gwadon daga gefe zuwa gefe, ko ya goce da ɗaya su fito gida-gida. Masaƙi kuwa mutum ne. Bugun safe daban da na la'asar. Ƙwarya ɗaya takan ɗara 'yar'uwarta, dole mai allura ya ja nan, ya sassauta can, ba tare da ya bar tattara ba. Ba a ɗora gefe kan gefe, domin tudun ɗinki yana damun mai barci. Kakana yakan shafa gwado da tafin hannu ido a rufe, in ya ji tudu ya ce, "Yaro, warware."

Babban aikin gidanmu dai lifidi ne. Littafin tarihin sarakunan Kano ya ce Sarki Kanajeji ɗan Yaji, wanda ya yi mulki daga 1390 zuwa 1410, shi ya fara kawo lifidi da kwalkwali da sulke. Ashe tun kafin Malam Yakubu, almajirin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya kafa Bauchi a farkon ƙarni na 19 ya kewaye ta da ganuwa, sana'ar ta shekara ɗari huɗu a ƙasar Hausa. Bauchi kuwa gari ne na yaƙi. Yakubun nan ne ya tare rundunar Shehu Laminu na Borno a 1827. Inda ake hawan doki irin wannan, mai ɗinkin lifidi ba ya zaman banza.

Yadda ake yi: a shimfiɗa fari mai kauri a ƙasa, a baza audugar rimi a kai, a rufe da tufa ta sama, a bi da allura layi-layi kusa da juna don kada audugar ta gudu ta taru a gefe guda. Rimi aka zaɓa saboda ba shi da nauyi, kuma ba ya shan ruwa kamar audugar gona. Kibiya in ta shiga sai ta maƙale kafin ta kai fata. Tufar saman nan ita ce fagen gwaninta: a yanka ja da rawaya da shuɗi da fari, murabba'i da mai kusurwa uku, a jera su yadda za a gane dokin tun daga nesa. Abokin gabar lifidi wuta ce, don audugar rimi ba ta da haƙuri da ita. Bindiga kuma ta ƙarasa amfaninsa a fagen fama, musamman bayan shigowar Turawa Bauchi a 1902. Ya koma kayan hawan Sallah.

Gwado ya fi shan wuya. Kamfanin auduga na Ingila ya buɗe kasuwannin saye, auduga ta riƙa fita ɗanya, akoko yana shigowa da arha. Masaƙar Kaduna ta fara aiki a 1957, jirgin ƙasa ya iso Bauchi a farkon shekarun 1960, daga baya gwanjo da bargunan Sin suka cika kasuwar Wunti. A ganina, abin da ya fara karyewa kaɗi ne. Da tsofaffi suka ajiye mazari, abawa ta yi wuya, gwadon zaren kanti kuma ba ya da laushi da ɗumin na dā.

A 2002 an baje bargunan haɗi na matan ƙauyen Gee's Bend, baƙar fata a jihar Alabama ta Amurka, a manyan gidajen zane na Houston da New York. Wasu masana na danganta salon jera tsiri-tsiri na irin waɗannan barguna da saƙar Afirka ta Yamma. Na yi wa matan Gee's Bend murna da gaske. Na kuma ji zafi, domin matan unguwarmu sun daɗe suna tsintar ƙyallaye a shagunan teloli suna haɗa shimfiɗar gado, ba wanda ya rataye nasu a bango.

Yanzu aikin lifidi yakan motsa ne idan Sallah ta ƙarato, mafi yawa gyara. Wasu sun koma cusa soso maimakon rimi, don sauƙi, ga shi itatuwan rimi sun yi ƙaranci a cikin gari. Soso yana riƙe zafi, doki ya jiƙe sharkaf tun kafin a kai ƙofar fada. Duk mai kawo mana gyara, nakan roƙe shi ya bari a aika ƙauye a nemo rimi, ko da aikin zai ƙara mako biyu.