Daga "lalacewar hankali" zuwa komawa aiki: tarihin wata tambaya da ta shafi ɗalibanmu

Shekarun baya ina da wani ɗalibi a nan Dakoro wanda ba a taɓa raba shi da sahun gaba ba. A shekararsa ta ƙarshe sai ya soma sakewa. In na karanta jimla don a rubuta, kafin ya kai tsakiyarta ya mance farkonta. In an aike shi kasuwa da saƙo uku, ɗaya yake dawowa da shi. Na rubuta masa a takardar sakamako cewa ya zama malalaci. Bayan kamar shekara guda aka ce yana jin muryoyi, yana zargin ana binsa da mugunta, har danginsa suka sa masa mari. Wannan kalma da na rubuta ba ta daina damuna ba, ita ce kuma ta sa na bi sawun tarihin cutar da likitoci ke kira sikizofireniya, mu kuma muke haɗa ta da sauran cututtuka a ƙarƙashin suna guda, wato taɓin hankali.

Tambayar da iyaye ke yi a bakin asibiti ita ce likitoci suka yi fiye da shekara 100 suna yi wa kansu: wane ne zai warware, wane ne ciwon zai zauna masa, kuma da wace alama za a gane tun da wuri?

Likitan da ya fara tattara alamomin cutar wuri guda Bajamushe ne, Emil Kraepelin. A littafinsa na koyarwa, musamman bugun 1899, ya raɗa mata sunan da ke nufin lalacewar hankali tun ƙuruciya. Ya lura da cewa samari da ƴan mata take kamawa, kuma abin da ya fi jan hankalinsa shi ne raunin natsuwa da na tunani. A ganinsa hanyar gangare ce, wanda ya hau ta da wuya ya dawo. A 1908 Eugen Bleuler, likitan birnin Zurich a ƙasar Suwis, ya ƙi yarda da wannan hukunci, ya kawo sunan sikizofireniya, ma'ana tsagewar tunani, domin ya ga ba kowa ne ke ƙarewa da lalacewa ba. Ɗansa Manfred Bleuler ya bi marasa lafiya 208 fiye da shekara 20, ya kuma bayyana a 1972 cewa da yawansu sun samu sauƙi sosai, wasu ma sun warke.

A 1952 aka samu babban sauyi. Jean Delay da Pierre Deniker, a asibitin Sainte-Anne na birnin Faris, suka gwada maganin da aka sani da suna Largactil, suka ga yana kwantar da muryoyi da ruɗani. Daga nan hankalin likitoci ya koma kan alamomi masu hayaniya, aka ajiye zancen ƙwaƙwalwa a gefe. Amma wani abu ya ci gaba da ɗaure kai: ga mutum muryoyi sun bar shi, ya daina fizge-fizge, duk da haka ya kasa komawa gona ko makaranta.

A daidai wannan lokaci Afirka ta Yamma ta ba da nata darasi. A 1954 Thomas Adeoye Lambo ya buɗe wani tsari a Aro, kusa da Abeokuta. Maimakon a kulle mara lafiya, sai a saukar da shi a gidajen ƙauyukan da ke kewaye da asibiti, tare da wani ɗan uwansa, yana karɓar magani yana kuma taɓa aikin yau da kullum. Lambo bai kori masu maganin gargajiya ba, ya yi aiki tare da wasunsu. A Dakar, daga 1959, Henri Collomb ya bi hanya mai kama da wannan a asibitin Fann, inda ake zaman shawara tsakanin marasa lafiya da danginsu da ma'aikata. A ƙasar Maradi kuwa, Jacqueline Monfouga-Nicolas ta yi nazarin bori, ta fitar da littafinta a 1972, ta nuna yadda girka ke ba wanda ya rikice matsayi a cikin jama'a. Ko me mutum ya ɗauki bori ta fuskar addini, tarihi ya nuna kakanninmu sun gane cewa warkewa ba ta cika sai mutum ya koma cikin mutane.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta gwada wannan tunani. A ƙarshen shekarun 1960 ta soma bincike a birane 9, cikinsu har da Ibadan da Agra ta Indiya da Landan da Mosko da Washinton, a kan marasa lafiya kimanin 1200. Da aka sake duba su bayan shekara 2, sai aka tarar na Ibadan da Agra sun fi na biranen Turai samun sauƙi. An daɗe ana jingina wannan ga zumunci da kuma aikin gona, wanda ke karɓar mutum ko da ƙarfinsa ya ragu. Sai dai a 2008 wasu masana, cikinsu har da Oye Gureje na Ibadan, suka ja kunne cewa kada a yi saurin alfahari, domin a ƙasashe matalauta da yawa marasa lafiya na daɗewa ba magani, wasu na mutuwa da wuri ba a lissafa da su ba. Duk wanda ya taɓa ganin saurayi ɗaure a gindin icce ya san gaskiyar wannan jan kunne.

A 1996 ne zancen ƙwaƙwalwa ya dawo da ƙarfinsa. Michael Green, masani a Los Anjeles ta Amurka, ya tattara binciken da aka yi kafin nan, ya gano abin da ya ba mutane mamaki. Tsananin muryoyi da ruɗani ba su faɗin yadda mutum zai iya rayuwa daga baya. Abin da ya fi faɗi shi ne iya riƙe maganar da aka ji, sai natsuwa a kan aiki, sai iya sauya dabara in ta farko ta ƙi. A 2011 Keith Nuechterlein da abokan aikinsa suka auna waɗanda cutar ba ta daɗe da kama su ba, suka ga ƙarfin riƙo da natsuwa da saurin fahimta su ne suka fi nuna wanda zai koma aiki ko karatu cikin wata 9. Dalilin a fili yake. Mai riƙe magana yana tuna umarnin likita, yana tuna lokacin shan magani, yana bin hira har ƙarshenta, ya kuma koyi sana'a. Wanda riƙonsa ya yi rauni kuwa, ko ciwon ya lafa, ciniki kaɗan a kasuwa sai ya gagare shi, mutane su gaji da shi, ya koma ɗaki.

Akwai kuma binciken garin Dunedin na ƙasar Niw Zilan, inda aka bi yara 1037 da aka haifa a 1972 da 1973 har girmansu. An ga cewa waɗanda cutar ta kama daga baya sun soma ja da baya wajen natsuwa da riƙo tun tsakanin shekara 7 da 13. Hausawa na cewa Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Amma a nan sai a yi hattara: mafi yawan yaran da ke da nauyin kai ba za su taɓa kamuwa da wannan cuta ba. Yunwa da zazzaɓin cizon sauro da rashin barci da damuwar gida duk suna rage riƙo. Abin lura shi ne faɗuwar da ba a san dalilinta ba ga yaron da aka sani da ƙwazo, tare da janyewa daga abokai da yawan zargi.

Me wannan tarihi ke nema daga gare mu? A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum 1 cikin 300 na ɗauke da cutar, saboda haka babu garin da ya kuɓuta. An kuma tabbatar da cewa gwargwadon daɗewar mutum ba magani, gwargwadon wahalar farfaɗowarsa, shi ya sa Patrick McGorry ya buɗe cibiyar kula da masu sabon kamu a Melbon ta Ostareliya a 1992. Malami ya fi likita kusa da yaro, shi ke fara ganin sauyin. Aikinsa shi ne ya kira iyaye, ya ba su shawarar zuwa asibiti kafin a kai ga mari. Yanke hukunci na likita ne.

Na biyu, awon ƙwaƙwalwa da aka tsara a Turai da jerin kalmomin Faransanci ba zai yi wa ɗan Kornaka ko makiyayin kwarin Tarka adalci ba. Makiyayin da ya san kowace saniya da uwarta da kakarta, da almajirin da ya hardace izu 60, suna da riƙon da takardar awo ba ta gani. Ƙungiyoyin raya harshe na da rawar da za su taka wajen taimaka wa likitoci su tsara awo da Hausa da Fulatanci da Tamajak.

Na uku, raunin riƙo ba hatimi ba ne. Bincike ya nuna horar da ƙwaƙwalwa na taimakawa, musamman in an haɗa shi da koyon aiki. A gida ana iya ba da saƙo ɗai-ɗai, a maimaita ba da tsawa ba, a ɗaure shan magani ga lokutan salla, a ba mutum aikin da zai iya gamawa.

Ɗalibina ya samu magani daga baya. Bai koma aji ba, amma yana ɗinki, kuma yana rubuta awon kowane mai kaya a littafi don kada ya mance. Ran da na kai masa yadi, na roƙe shi gafara a kan kalmar nan. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya ba mu basirar gane su da wuri, amin.