Tuƙi cikin maye: Yadda ake karɓo motar da hukuma ta kama a Kano

A lokacin kakar tumatir, hanyar Kano zuwa Zariya ba ta rabuwa da motoci dare da rana, musamman a tsakanin Kura da Kadawa da Kwanar Gafan a ƙaramar hukumar Garun Mallam.

Daga wannan yanki ne, inda ruwan madatsar Tiga da aka kammala a 1974 ke shayar da gonakin Kura da Garun Mallam da Bunkure, ake lodin tumatir da albasa da shinkafa zuwa kasuwannin kudancin Nijeriya.

Idan aka kama direba a kan wannan hanya bisa zargin tuƙi cikin maye, ba shi kaɗai abin ke shafa ba. Akan tsare motar, wadda sau da yawa ba tasa ba ce, kuma kayan da ke cikinta na manoma ne waɗanda ba su san hawa ba, ba su san sauka ba.

Ga bayani kan abin da doka ta tanada, da kuma matakan da ake bi wajen karɓo motar.

Wace hukuma ce ta kama motar?

Wannan ita ce tambayar farko, domin kowace hukuma da irin hanyar da take bi.

Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, wato FRSC, wadda aka kafa a watan Fabrairun 1988, tana aiki ne da dokar da aka sabunta a 2007. Hanyar Kano zuwa Zariya ta gwamnatin tarayya ce, saboda haka tana ƙarƙashin kulawarta.

Akwai kuma hukumar KAROTA, wadda gwamnatin jihar Kano ta kafa a 2012 don kula da zirga-zirgar ababen hawa, kuma tana aiki da dokar jiha.

'Yan sanda kan shigo ne musamman idan an yi haɗari, ko an ji wa wani rauni, ko an rasa rai.

Hukumar Hisbah, wadda dokar jiha ta 2003 ta kafa, ta fi mayar da hankali kan sha da safarar barasa, yayin da hukumar NDLEA, da aka kafa a 1989, ke kula da batun miyagun ƙwayoyi.

Mai yiwuwa ne hukuma ɗaya ta yi kame, sannan ta miƙa direban da motar ga wata. Don haka ya kamata mai mota ya fara tantance inda motarsa take, da sunan ofishin, da kuma laifin da aka rubuta.

Me doka ta ce game da tuƙi cikin maye?

Dokar FRSC ta 2007 ta haramta wa mutum tuƙi a kan hanya alhali barasa ko wata ƙwaya ta gusar masa da hankali har ya kasa sarrafa abin hawa yadda ya kamata.

Dokar ta sa tarar Naira 5,000, kuma ta bai wa kotu damar ɗaure wanda ta samu da laifin har na tsawon shekara biyu, ko ta haɗa masa duka biyun.

Abin lura shi ne dokar ba ta tsaya kan giya kaɗai ba. Wanda ya sha tiramadol, ko maganin tari mai kodin, ko tabar wiwi, har abin ya taɓa tuƙinsa, ya faɗa cikin wannan laifi.

Wannan na da muhimmanci a jihar Kano, inda doka ta haramta sayar da barasa amma ƙwayoyi suka yawaita. Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya fitar a watan Janairun 2019 ya nuna cewa mutane miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 ne suka yi ta'ammali da ƙwayoyi a Nijeriya a cikin shekara guda.

Tun a watan Mayun 2018 gwamnatin tarayya ta haramta sarrafawa da shigo da maganin tari mai kodin.

Wasu direbobin dogon zango na shan irin waɗannan abubuwa ne da sunan korar barci, musamman idan suna ɗauke da kayan gwari da ake son a isar da su kasuwa kafin su lalace.

Ta yaya ake tabbatar da maye?

Jami'an FRSC kan yi amfani da wata 'yar na'ura da direba ke hura wa iska, wadda ke nuna yawan barasar da ke jikinsa.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada barasar da ke cikin jinin direba ta wuce giram 0.05 a kowace desilita, sannan 0.02 ga matasa da sababbin direbobi.

Sai dai wannan na'ura barasa kawai take ganowa. Idan ƙwaya ake zargi, sai an yi gwajin fitsari ko na jini.

Yana da kyau direba ko lauyansa su nemi a rubuta sakamakon gwajin da lokacin da aka yi shi, domin shi ne ginshiƙin tuhumar idan magana ta kai kotu. Sashe na 36 na tsarin mulkin 1999 ya ce duk wanda ake tuhuma ba mai laifi ba ne har sai an tabbatar da laifinsa.

Waɗanne matakai ake bi a ofishin FRSC?

Jami'in da ya yi kamen kan rubuta wa direba takardar laifi, mai ɗauke da lambar motar da irin laifin da kuma kuɗin tara.

Direba na da zaɓi biyu. Ko dai ya amince ya biya tarar, ko kuma ya ƙi amincewa a gurfanar da shi a gaban kotu, wadda a wasu lokuta kotun tafi-da-gidanka ce da ke zama a bakin hanya.

Ba a biyan tara a hannun jami'i. Tun daga 2015, lokacin da aka tilasta wa hukumomin tarayya amfani da asusun bai-ɗaya na gwamnati, ana biya ne a banki ko ta intanet, a karɓo shaidar biya.

Daga nan sai a koma ofishin da aka ajiye motar da wannan shaida. Hukumar kan buƙaci mai laifin ya zauna a yi masa lacca kan ƙa'idojin hanya kafin a sallame shi.

Akwai kuma kuɗin ajiya. Dokar 2007 ta sa Naira 200 a kan kowace rana da mota ta yi a hannun hukumar bayan awa 24 na farko. Idan da janwe aka ɗauko motar, akan ƙara kuɗin jan, kuma shi ma sai an ba da rasit.

Ba za a miƙa makulli ga wanda har yanzu yake cikin maye ba. Hanya mafi sauƙi ita ce mai motar ya zo da kansa, ko ya zo da wani direban mai lasin.

A hukumar KAROTA ma tsarin ya yi kama da wannan, sai dai tarar na shiga asusun gwamnatin jiha ne.

Waɗanne takardu ake buƙata?

Akan nemi takardar shaidar mallakar mota, da lasin motar, da takardar lafiyar mota, da inshora, da lasin direba, da kuma katin shaidar mai motar.

A nan ne da yawa daga cikin masu motocin ɗaukar kayan gwari ke samun cikas. Mota kan bi ta hannun mutum uku ko huɗu ba tare da an sauya sunan da ke kan takardu ba, domin an yi cinikin ne bisa amana a gaban shaidu.

Wanda ke cikin wannan hali sai ya kawo takardar ciniki, da takardar rantsuwa daga kotu, wani lokaci ma har da wanda ya sayar masa.

Idan aka tarar wata takarda ta ƙare aiki, wannan wani laifi ne na daban mai tararsa. Daga ranar 1 ga watan Janairun 2023, kuɗin ƙaramar inshorar da doka ta wajabta wa motocin gida ya tashi daga Naira 5,000 zuwa Naira 15,000, kuma na motocin haya da na kaya ya fi haka. A watan Fabrairun 2025 'yan sanda suka fara matsa ƙaimi wajen binciken wannan takarda.

Idan an yi haɗari fa?

A nan lamarin ya sha bamban, domin motar ta zama kayan shaida.

Sashe na 44 na tsarin mulki, wanda ya kare dukiyar ɗan ƙasa daga ƙwace, ya yarda hukuma ta riƙe kaya na ɗan lokaci saboda bincike.

'Yan sanda kan gayyaci jami'an duba lafiyar ababen hawa, wato VIO, su duba birki da tayoyi da sitiyari su rubuta rahoto. Kafin a kammala wannan, da wuya a saki mota.

Dokar gudanar da shari'ar masu laifi ta tarayya ta 2015 ta wajabta wa 'yan sanda su rubuta jerin kayan da suka karɓa daga wanda suka kama, a sa hannu a kai. Ta kuma ba su damar sakin kayan ga mai su bisa alƙawarin zai kawo su duk ranar da aka nema. Jihar Kano ta yi tata dokar a 2019 bisa wannan tsari.

Saboda haka mai mota kan rubuta takardar neman a sakar masa ita zuwa ga baturen 'yan sandan yankin. Idan an riga an shigar da ƙara, sai lauyansa ya nemi hakan a gaban alƙali.

Wanda aka sakar wa mota ta wannan hanya ba shi da ikon sayar da ita ko sauya mata kama har sai an gama shari'a.

Shi kuwa direban, sashe na 35 na tsarin mulki ya ce a kai shi kotu cikin kwana ɗaya idan akwai kotu a tazarar kilomita 40, ko kwana biyu idan babu. Beli a caji ofis kyauta ne a doka.

Idan an rasa rai, batun diyya da sulhu da iyalan mamacin kan taso. Sulhu na iya sassauta lamarin, amma ba ya hana hukuma ci gaba da tuhuma.

Ina matsayin mai mota da masu kaya?

Doka ta hana a kama wani a madadin wani. Ba a tsare mai mota ko ɗan'uwan direba don kawai direban ya gudu.

Sai dai mai motar na iya fuskantar neman diyya a kotu kan ɓarnar da direbansa ya yi a bakin aiki. Haka kuma yawancin kamfanonin inshora ba sa biyan gyaran motar da aka lalata cikin maye.

Masu kaya kuwa, abin da ya fi musu shi ne su nemi izinin juye kayan zuwa wata motar nan take. Tumatir ba ya jiran shari'a: kwana biyu a rana ya isa ya mayar da kwando ɗari abin zubarwa.

A irin wannan hali shugabannin kasuwa da na ƙungiyar direbobi ta NURTW, ko ta masu motoci ta NARTO, kan shiga tsakani, su kuma tsaya wa ɗansu.

Me Shari'ar Musulunci ta tanada?

Jihar Kano ta ƙaddamar da Shari'a a shekara ta 2000, kuma kundin hukunce-hukuncenta ya tanadi haddin bulala 80 ga Musulmin da aka tabbatar ya sha giya da gangan.

Ana tabbatar da laifin ne ta hanyar iƙirari ko shaidar adilai biyu. A mazhabar Malikiyya, shaidar jin warin giya a bakin mutum ma hujja ce.

Wannan hukunci kan mutum yake hawa, ba kan motarsa ba. Kuma biyan tarar laifin hanya ba ya share tuhumar shan giya, domin laifuffuka ne guda biyu a ƙarƙashin dokoki biyu.

Wanda ba Musulmi ba kuwa, kotun majistare ake kai shi.

Lamarin ya fi tsanani idan motar na ɗauke da lodin barasa. A 2004 jihar ta haramta sayarwa da safarar ta, kuma Hisbah ta sha fasa kwalaben da ta kama: kimanin 240,000 a watan Nuwamban 2013, da kusan miliyan huɗu a watan Fabrairun 2022. A irin wannan shari'a kotu ce ke yanke makomar kayan da kuma motar.

Haka zalika dokar NDLEA ta ba da damar kotu ta mallaka wa gwamnati motar da aka yi safarar ƙwayoyi da ita.

Idan an ƙi sakin motar fa?

Mai mota na iya kai kuka ga kwamandan hukumar na jiha, ko ya shigar da ƙara a babbar kotu kan tauye masa haƙƙi. Mai ƙaramin ƙarfi na iya neman taimakon hukumar ba da agajin lauyoyi kyauta, wadda aka kafa a 1976.

Kotuna sun sha yanke hukunci kan iyakar ikon jami'an hanya. A 2023 kotun ɗaukaka ƙara da ke Asaba ta ce ikon FRSC ya tsaya ne kan hanyoyin tarayya. A watan Oktoban 2024 wata babbar kotun tarayya a Abuja ta hana jami'an VIO na birnin tarayya kama motoci da cin tara.

Sai dai jinkiri daga ɓangaren mai mota ma na da nasa haɗarin. Dokar 2007 ta ce idan aka yi wata shida ba a zo karɓar mota ba, FRSC na iya neman babbar kotu ta mallaka mata ita, a yi gwanjonta, kuɗin ya shiga baitulmali.

Kafin a fita da mota daga harabar hukuma, ya kamata a duba batir da safaya da jak da sauran kayan da ke cikinta, a kuma adana dukkan rasit da takardar sallama.

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce mutane miliyan 1.19 ne ke mutuwa a haɗurran hanya duk shekara, kuma idan aka kwatanta da yawan jama'a, nahiyar Afirka ce abin ya fi ƙamari.

Wannan ne ya sa dokar ba ta tsaya kan tara ba. Kotu na da ikon dakatar da lasin direban da ta samu da laifi, don haka mai mota na iya karɓo motarsa amma ya zama tilas ya nemi wani direban.