Dalilan da ke sa kwamfutar tafi-da-gidanka ƙin tashi ko ƙin mutuwa

Kwamfutar tafi-da-gidanka da ta ƙi tashi, ko ta ƙi mutuwa, ba lalle ne ta lalace ba. Sau da yawa matsalar daga wuta ce ko daga manhaja, kuma gaggawar goge komai domin a sake ɗora mata Windows ita ce ke jawo asarar takardu da hotunan da aka daɗe ana tarawa.

Idan ta ƙi mutuwa

Tun daga Windows 8, wadda kamfanin Microsoft ya fitar a shekarar 2012, umarnin kashewa ba ya kashe kwamfuta gaba ɗaya. Wani tsari mai suna Fast Startup kan adana ainihin manhajar a cikin ma'ajiyar na'urar, domin ta yi saurin tashi a karo na gaba.

Ke nan idan akwai tangarɗa a manhajar, ana iya adana ta tare da tangarɗar. Umarnin sake kunnawa kuwa yakan rufe komai, ya tashe ta daga tushe. Haka ma danne maɓallin Shift a lokacin da ake ba da umarnin kashewa.

Idan duk wannan ya ci tura, danne maɓallin wuta na kimanin daƙiƙa 10 yakan kashe ta ala tilas. Sai dai aikin da ba a adana ba zai salwanta, kuma yin hakan yayin da take sabunta manhaja na iya hana ta tashi daga baya.

Idan ta ƙi tashi

A nan da wuta ake farawa. Akan zare caja da duk abin da aka jona mata, a cire batir idan mai ciruwa ne, a danne maɓallin wuta na kimanin daƙiƙa 30, sannan a mayar da caja kaɗai a gwada.

Idan fitila ta kama, fanka na juyawa, amma allo ya yi duhu, sai a kula da ƙarar da take yi ko yadda fitilarta ke ƙiftawa. Kamfanoni irin su Dell da HP na amfani da waɗannan alamu wajen nuna sashen da ya samu matsala.

Wadda ke tashi ta mutu bayan ɗan lokaci kuwa, mai yiwuwa zafi ne ya yi mata yawa, musamman idan ƙurar hunturu ta toshe mata kafofin shan iska.

Idan kuma Windows ce ta kasa kammala tashi sau biyu a jere, takan buɗe shafin gyara da kanta. Daga nan ana iya shiga Safe Mode, inda muhimman sassan manhajar kaɗai ke aiki, a cire sabuntawar da ta haddasa matsalar.

Darasin 2024

Ranar 19 ga watan Yulin 2024, wata gurɓatacciyar sabuntawa daga kamfanin tsaron kwamfuta na CrowdStrike da ke Amurka ta hana na'urori kimanin miliyan 8.5 tashi, bisa ƙiyasin Microsoft. An soke dubban tafiye-tafiyen jiragen sama, aiki kuma ya tsaya a wasu asibitoci da bankuna.

Amma na'urorin ba su lalace ba. Maganin shi ne shiga Safe Mode a goge fayil guda.

Waɗanda suka fi shan wahala su ne masu kwamfutocin da aka kulle da tsarin BitLocker, domin sai da mabuɗi mai lambobi 48 ake iya buɗe su. Saboda haka yana da kyau a ajiye wannan mabuɗi, da kwafin muhimman takardu, a wani wuri dabam tun kwamfutar na da lafiya.